Kalangun Mai Hannu Ɗaya

Daga Allah muke, gare Shi kuma Kawu ya riga mu komawa. Na zauna a tabarmar karɓar gaisuwa a ƙofar gidansa da ke Ƙofar Sauri, bakina na amsa "ya haƙuri", kunnena kuwa yana kan abin da mutane ke cewa bayan sun shafa addu'a sun gyara zama.

Wani dattijo mai dogon carbi ya ce, "Ai ya dace. Allah ya raba shi da kiɗa tun shina da sauran numfashi." Na kusa da shi ya gyaɗa kai, ya ce ciwo ma wani lokacin rahama ne. Can mahauta suka iso a tare, sun wanke hannu sun sa manyan riguna, suka yi ta'aziyya mai kyau. Wani matashi a cikinsu ya rage murya ya ce wa ɗan'uwansa, "Shi ne fa tsohon nan da ya zo mana da kwamfuta." Suka danne dariya, ba su san ina ji ba. Da na shiga cikin gida mahaifiyata ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Kai ne ka riƙa jan shi cikin rana zuwa shagon nan naka. Mutum da rabin jiki!"

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma babu wanda ya faɗi Kawu. Ina tsoron haka za a bar shi, tsohon da ya tuba ko tsohon da ya ruɗe, shi ya sa na zauna rubuta wannan tun zuciyata ba ta huce ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma makaɗin mahauta ne, kalangu ya gada. Ga wanda bai taso a cikin abin ba, kowane babban mahauci yana da takensa, wato ɗan kiɗan da yake nasa shi kaɗai. Makaɗi zai tsaya daga nesa ya kaɗa, ba ya kiran suna, ba ya aika kowa. Mai take yana tsakiyar aiki zai ji, ya ɗaga hannu ya yi jinjina, ya yi wa kansa kirari, sannan ya yanki tsoka ya miƙa. Kawu kan ce, "Taken da sai an gaya ma mai shi, ba take ba ne, hayaniya ce." A kan wannan magana ya rayu, kuma ba ya sassautawa ko ga kansa.

Mutum ne mai baki, ba ya raga wa kowa. Da safe sai ya shanya kalangunsa a hantsi kafin ya nemi koko, in matarsa ta yi magana ya ce mai ciyar da gida shi ake fara sallama. Naman da yake samu a kwata kuwa ba ya isowa gida yadda aka ba shi. Zai bi ta gidan wata tsohuwa da ba ta da kowa, ya bi ta gidan mai jego, ya bi ta wurin wanda ya ji an ce ba shi da lafiya, kafin ya kai ƙofarsa sai ƙashi da ɗan kitse. Matarsa takan ce ita ce matar makaɗin mahauta da miyarta ta fi ta kowa fari a unguwa.

Ni kuma ina da ɗan situdiyo a Ƙofar Kwaya, ina haɗa kiɗan talla da waƙoƙin biki da fiyano da kwamfuta. Kawu bai taɓa ɗaukar wannan sana'a ba. "Injiniya" yake ce mini, kuma ba yabo ba ne. In mun haɗu a wurin suna zai tambaye ni a gaban mutane, "Injiniya, ya kiɗan gwangwani? In an ɗauke wuta kai ma an ɗauke ka ko?" Ina jin haushi, ina dariya, don ba a rama wa Kawu.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ya ɗauke masa hannun hagu. Ƙafar ta dawo kaɗan, yana jan ta da sanda, hannun kuwa ya tafi ke nan. Wanda bai san kalangu ba zai ce ai da dama ake bugu. Haka ne, amma maganar kalangu a hammatar hagu take. Da ita ake matse tsarkiya sauti ya hau, a saki ya sauka. Ba matsi, kalangu ƙwarya ce kawai ake ƙwanƙwasawa. Ya rataye shi a ƙusa a ɗakinsa, ya daina zuwa kwata, ya daina tsokanar mutane. Wannan shirun ne dattijon nan mai carbi ya kira tuba.

Wata rana da hantsi keke napep ya tsaya a ƙofar shagona, na ga Kawu a ciki da kalangu a cinya. Bai bari na gama gaishe shi ba.

"Injiniya, an ce akwai wani abu cikin injinka da ke haɗiye sauti, in an taɓa shi ya amayo. Gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne, samfula ake ce masa, manhaja ce a cikin kwamfuta.

"To shi haɗiye wanga," ya ce, ya buga kalangun da tafin hannu. "Alhaji ya kusa barin kwata, gwiwa ta hana shi tsayuwa. In ya zamna gida wa ya rage mani? So nike in kira shi sau ɗaya ya amsa, kahin ɗayanmu ya tahi."

Alhajin nan shi ne ubangidansa, tsohon mahaucin da Kawu ya fara kaɗa wa take tun suna samari. Duk sauran masu taken sun mutu ko sun bar sana'ar, yaran da suka gaje su kuwa waƙa suke ji a waya.

Gaskiyar magana, ni ma ban iya samfular ba. Sautukan da suka zo a shirye nake amfani da su, ban taɓa zuba nawa ba. Haka muka zama ɗalibai biyu, ina kallon bidiyon koyarwa a waya ina juya masa da Hausa, shi kuma yana ƙaryata malamin. In na ce mai bidiyon ya ce a yi kaza, sai ya ce, "Ya taɓa riƙa kalangu?"

Matakin farko shi ne ɗaukar sautin, bugu ɗaya-ɗaya. A nan muka gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni na saƙala kalangun a hammatata, shi ya tsaya a gabana da sandar kiɗa, makirufo a tsakaninmu. Yana bugu yana ba ni umarni. "Matsa. Ƙara. Kai, ba ɗan kaza aka ce ka runguma ba, matsa! To saki kaɗan." Dole a kashe fanka don kada iskarta ta shiga, ga rufin kwano, ga mai injin markaɗe a maƙwabta da ba ya tashi aiki sai mun danna ɗauka. Gumi yana zuba daga gemunsa. Haƙarƙarina ya yi tsami har kwanciya ta ɓangaren hagu ta gagare ni, a ranar na san abin da hannun nan da ya mutu ya yi shekara da shekaru yana yi.

Sai yanka. Kowane bugu yana fitowa a fuskar kwamfuta da ƙaton kai da siririyar wutsiya, ana datse shirun da ke gabansa don ya fito da zarar an taɓa, a datse na bayansa. Na bi na gyare su tsaf, na kunna masa ɗaya. Ya ɓata fuska.

"Mi ka yi mashi?"

Na ce na cire abin da ba a buƙata.

"Ka yanke mashi numfashi. Fata in an buge ta sai ta gama magana. Maida mashi abinshi."

Na mayar. Daga nan ya karɓi linzamin kwamfutar da kansa, ya ce a nuna masa inda ake ja. Mutumin da bai taɓa yarda ya riƙe wayar shafa ba, ga shi yana kai layi gaba yana dawo da shi, ya saurara, ya sake. Yakan yi rabin yini a kan bugu ɗaya, ni kuma masu talla na jirana a waje suna zagina a zuci.

Bayan haka aka jera sautukan a kan maɓallan fiyano, masu kauri a hagu, sirara a dama. Da farko na nemi sauƙi, na ɗauki bugu ɗaya na shimfiɗa shi a kan maɓallai da yawa, na bar injin ya riƙa ɗaga shi yana saukewa da kansa. Kawu ya taɓa na can dama, ya ce, "Wanga ai ɗan jikan kalangu ne, kuma mura gare shi." Sai da kowane maɓalli ya sami bugunsa na gaskiya. Ya sa na manna musu salatif kala-kala don ya gane su. Abu ɗaya ne ya burge shi tun ranar farko, da ya ga in ya danna da ƙarfi sautin na fita da ƙarfi, in ya lallaɓa ya fito a hankali. Ya ce, "Ashe shina jin zafi." Ranar ce na fara jin dariyarsa tun da ya kwanta ciwo.

Amma yatsun suka ƙi. Hannun da ya saba dunƙule sanda bai san rarrabuwa ba. In ya nufi maɓalli ɗaya sai ya danne uku, in ya fusata ya kai naushi, har ya karya mini ɗaya. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa busasshe muka sa a gaba. Ina kallonsa yana maimaita gaɓa ɗaya har yatsun su ƙage, ya sa su a baki ya ciza, ya koma.

Tausayi ya sa na yi abin da ya jawo faɗanmu. Da ya tafi gida wata rana, na zauna na jera taken Alhaji da kaina a cikin kwamfuta, bugu bayan bugu, yadda zai kaɗa kansa ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Da ya zo na ce, "Kawu, ka huta, ga shi an gama." Na kunna. Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba.

"Kashe."

Na kashe.

"In inji zai kira Alhaji, ɗauki injin ka kai mashi. Ni mi nike jira a duniya? Ka ga na zo nan don in huta?" Ya juya fuska bango. "Hutu ne ke kashe ni, ɗan nan."

Ya ɗauki sandarsa ya fita, ko napep bai bari na tsayar masa ba. Na ɗauka shi ke nan. Da ya dawo bai yi zancen ba, ya dai tsaya a kaina sai da na goge abin da na jera a gaban idonsa.

Da ya ga hannun ya ɗan faɗa, ya ce mu je. Na roƙe shi mu ƙara jira, ya ce gwiwar Alhaji ba ta jira. Muka ɗora kwamfuta da fiyano da lasifika mai batir a napep, muka isa kwata da safe ana tsakiyar fiɗa. Muka tsaya daga nesa yadda ya saba. Alhaji yana can a kan benci ya ba mu baya, yana rarraba nama. Kawu ya ɗora yatsu ya fara.

Samari suka taru, wayoyi suka tashi sama. Wani ya ce, "Baba ya zama ɗan zamani!" Kawu bai dube su ba, idonsa na kan bayan Alhaji. Ya kai ƙarshen taken, Alhaji bai juyo ba. Ya sake. Na ƙara murya har lasifikar na karkarwa, ya sake, wuƙar Alhaji na ta aikinta. Ni kaina addu'a nake yi a zuci, Allah ka juyo da mutumin nan, ko da kuskure ne. Can wani ya je ya raɗa masa a kunne. Alhaji ya waiwayo, fuskarsa ta washe, ya taso yana ɗingishi yana goge hannu.

"A'a! Kai ne da kanka? Ya ƙarfin jiki? Ya iyali? Wallahi ka kyauta da ka tuna da mu." Ya yanko tsoka mai kyau daga cinya, ya naɗe a takarda ya miƙo.

Kawu ya amsa gaisuwa, bai miƙa hannu ba. Makaɗi ya ƙi kyautar ubangida, ban taɓa gani ba, ban taɓa ji ba. Ni na karɓa don kunya. Da muka kusa gida ya juyo ya dube ni.

"Bai ji ba. Gaya mashi aka yi. Wanga nama sadaka ne, ka ba wanda ka ga dama."

Na ɗauka zai haƙura, sai ga shi washegari. Ya ce ya gano abin da ya ɓace. Bugun duk suna nan, amma kowanne a tsaye yake. A kalangu ana bugu sannan a matse, sautin ya miƙe sama yana tafiya, kuma a wannan miƙewar sunan mutum yake. Na ce akwai abin yin haka, na nuna masa 'yar tayar da ke jikin fiyano wadda ake murzawa sauti ya lanƙwasa. Muka dube ta tare. A gefen hagu take, an yi ta ne don hannun hagu.

Na ce ni zan riƙa murza masa. Ya ce makaɗi ɗaya ne, ba a kiran mutum da baki biyu. Na fita sayo ruwa, na dawo na tarar ya sunkuya ya ɗora haɓarsa a kan tayar, yana turawa da gemu, hannun dama na lalube a kan maɓallan da ba ya gani. Hularsa ta faɗi ƙasa. Na koma waje na tsaya a bayan ƙofa, don kada ya san na gani, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ce hannunsa ya shanye.

Daga baya na samo feda, irin wadda ake takawa, na haɗa ta yadda in an danna sauti zai hau, in an saki ya sauko. Ƙafarsa ta dama lafiya lau take. Ya taka, ya buga, sautin ya miƙe. Ya sake takawa, sannan ya ce, "Injiniya, yau ka ci sunanka. Hammata ta koma ƙafa."

Daga nan ne ya fara zuwa ko da tsakar rana, ko an hana shi. Mahaifiyata tana da gaskiya, rana ta dake shi, amma ba ni nake jan shi ba. Labari ya zo cewa Alhaji ya fara fashin zuwa kwata, sai Kawu ya ƙara ƙaimi. Ƙafa da yatsu suka fara jituwa. Akwai ranar da na rantse kalangu ne a ɗakin. Wuri ɗaya ya rage, can ƙarshen taken, inda sauti ke hawa ya tsaya ya gangaro a hankali. Kullum a nan ƙafar ke riga yatsu. Yakan ce, "Saura wutsiya. In ta zamna mu koma."

Ba mu koma ba. Ciwon ya sake bugunsa, wannan karon ya tafi da harshe.

Ina zaune a gefen gadonsa a asibiti da la'asar sai ga Alhaji, ɗansa na riƙe da shi. Ya zauna a kujera ya yi sannu, ya yi addu'a, ya shiga ba ni labarin wani mai maganin gargajiya da aka ce ya iya irin wannan ciwo. Kawu ya kafe Alhaji da ido. Sai na ga yatsunsa na dama sun fara motsi a kan katifa. Na dubi ƙarshen gadon, ƙafarsa ta tokare ƙarfen, tana dannawa tana saki.

Na san inda kowane salatif yake, na san sautin da ke ƙarƙashin kowane yatsa. Babu abin da ke fita a ɗakin nan sai muryar Alhaji, amma ni ina jin taken tun daga farkonsa. Maganar ta zo mini har baki, Alhaji dubi hannunsa, kai yake kira. Na cije leɓe. In na faɗa na kashe abin da hannuna, in na yi shiru mutumin zai tashi. Na riƙa kallon hannun da gangan ko Alhaji zai bi idona, na matsar da kujerata, na yi gyaran murya. Alhaji ya ce Allah ya sa kaffara ne, ya dafa kafaɗar ɗansa ya miƙe.

Alhaji yana jan ƙafa zuwa ƙofa yatsun Kawu suka iso wutsiya. Ƙafar Kawu ta danna, ta tsaya, ta saki a hankali, daidai, ba ta riga ba, ba ta makara ba. Bai taɓa yin ta haka ba ko sau ɗaya a shagona. Labulen ƙofa ya faɗi a bayan Alhaji.

Ban san lokacin da na miƙe na dunƙule hannu na ɗaga sama ba. Ni ba mahauci ba, ba ni da take, ba ni da kirari, na dai tsaya a tsakiyar ɗakin marasa lafiya da hannu a sama hawaye na zuba, mutane na kallona. Kawu ya juyo da ido ya dube ni tun daga sama har ƙasa. Ya tattaro abin da ya rage masa na baki, ya ja mini tsaki.

Shi ne sauti na ƙarshe da na ji daga gare shi. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa in ya yi kira a can a amsa masa.